Jaruman roba: me ke sa sabon kayan wasa ya karɓu a kasuwa?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Filinge ana saura kwana biyu ko uku sallah ya san wurin da yara ke cincirindo. Gaban masu tebur ne da masu baza kaya a kan leda, inda ake jera bindigogin ruwa, tabarau, usur, ƴan motoci da ƙananan mutum-mutumin roba masu faɗin ƙirji. Wani samfurin kan ƙare kafin la'asar, wani kuwa ya yi ta shan rana har launinsa ya koɗe, mai kaya ya mayar da shi kwali sai wata sallar. Sau da yawa farashinsu ɗaya, kuma kwantena ɗaya ta kawo su. Abin da ya raba su ya shafi ɗan kasuwar da ya zuba ɗan jarinsa, ya shafi uban da zai zaro kuɗi daga aljihu, ya kuma shafi masu sana'ar hannu na ƙasar Kurfai, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba.

Mene ne jarumin roba?

Abin da muke kira jarumin roba a nan, wanda ake ce wa figurine da Faransanci, ɗan mutum-mutumi ne da aka ƙera da siffar wani gwarzo na fim, na zanen barkwanci ko na wasanni. Hannuwansa da ƙafafunsa da wuyansa suna motsi, kuma yakan zo da ƴan kayansa: takobi, garkuwa, hula, doki ko mota. Ba a fitar da shi shi kaɗai. Kamfani kan fitar da jeri guda, wato jarumi da abokansa da abokan gabansa, a ƙarƙashin suna ɗaya.

Asalin wannan kasuwa Amurka ce. A 1959 kamfanin Mattel ya fitar da ƴar tsanar nan Barbie, ya gano cewa ribar ba a jikin ƴar tsanar kaɗai take ba, tana cikin tufafi da takalma da ake ta saya mata daga baya. A 1964 kamfanin Hasbro ya ɗauki wannan dabara ya kai ta ga yara maza da wani sojan roba mai suna G.I. Joe, mai tsawon santimita 30. Da yake sun san ɗa namiji ba zai yarda a ce yana wasa da ƴar tsana ba, sai suka hana a kira shi da wannan suna, suka ƙirƙiro masa wani mai ma'anar mutum-mutumin gwagwarmaya. Daga wannan canjin suna aka samu sabon reshe a sana'ar kayan wasa.

Labari ne ke sayar da roba

Abu na farko da ke jan yaro shi ne ya san wanda ke gabansa. Robar da ba ta da suna roba ce kawai. Idan kuwa yaro ya taɓa ganin jarumin a tele ko a wayar yayansa, ya san ƙarfinsa, ya san maƙiyinsa, to da ya ɗauke shi wasa ya riga ya fara.

Misalin da masu wannan sana'a ke yawan kawowa shi ne na fim ɗin Star Wars, wanda ya fito a watan Mayu 1977. Kamfanin Kenner da ya samu izinin ƙera jaruman fim ɗin bai shirya ba har bikin Kirsimeti ya ƙarato. Sai ya sayar da kwali wanda babu ko jarumi ɗaya a ciki, sai takardar alƙawarin cewa za a aiko da guda huɗu a 1978. Iyaye suka saya. Daga 1978 zuwa 1985 kamfanin ya sayar da jarumai kusan miliyan 300. A Faransa ma haka aka gani lokacin da tashar Antenne 2 ta fara nuna zanen Goldorak na Japan a watan Yuli 1978: yara suka yi caa a kan duk abin da ke ɗauke da hotonsa.

Da kamfanoni suka fahimci haka sai suka juya tsarin. Mattel ya fitar da He-Man, wanda masu kallon tashoshin Faransa suka sani da Musclor, a 1982, ba tare da wani fim a bayansa ba. Ya riƙa saka ɗan littafin zane a cikin kowane kwali don ba da labarinsa, sannan a 1983 aka fara nuna shirin tele da ya kai kashi 130. Wato an ƙera kayan, sannan aka ƙera musu labari.

A garuruwanmu labarin na shigowa ta tauraron ɗan'adam, ta gidajen kallo, da kuma wurin masu tura finafinai a waya. Shi ya sa Spider-Man da jaruman zanen Japan irin su Naruto ke da kasuwa har a ƙauyen da babu lantarki. Ɗan kasuwar da ke son sanin abin da zai saro, ya fi masa sauƙi ya tsaya a bakin lakwal lokacin tashi ya saurari sunayen da yara ke kiran junansu da su a wasa, da ya dogara da abin da dillalin Yamai ya ce yana tafiya.

Gaɓoɓi, girma da kayan haɗi

Abu na biyu shi ne abin da jarumin ke iya yi a hannun yaro. An tallata G.I. Joe na farko da cewa yana da gaɓoɓi 21 masu motsi, yana durƙusawa, yana riƙe makami, yana zama a mota. Mutum-mutumin da aka zuba a dunƙule, ba ya lanƙwasa, yaro kan gaji da shi a yini ɗaya. Wanda ke tsayuwa da ƙafafunsa, ya ɗaga hannu, ya hau doki, shi ne ake kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

Girma ma yana da tasiri. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, roba ta yi tsada, tunda daga man ake samo ta. A Jamus, a 1974, aka fitar da ƴan mutanen Playmobil masu tsawon santimita 7 da rabi, waɗanda Hans Beck ya tsara daidai tafin hannun yaro. Jaruman Star Wars kuma ba su kai santimita 10 ba. Ƙanƙantar ta rage farashi, ta ba yaro damar tara da yawa, ta kuma sa aka iya ƙera musu jirage da motocin da suka dace da su ba tare da sun cika ɗaki ba. Har G.I. Joe kansa da aka sake fitar da shi a 1982, a wannan ƙaramin girman ya dawo.

Akwai kuma abin da masu ƙira a ƙasashen sanyi ba sa tunawa da shi, wato ranar Kurfai a watan Afrilu da yashin Dallol Bosso. Roba mara kauri takan yi laushi ko ta tsage, yashi ya shiga gaɓoɓi su daina juyawa, fenti ya goge. Uwar da ta ga hannun jarumi ya ɓalle tun kafin a sauko daga idi ba za ta sake kusantar wannan samfurin ba, kuma za ta faɗa wa maƙwabta.

Ɗaya ba ya isa

Abu na uku shi ne jeri. Jarumi ba ya faɗa shi kaɗai, dole ya samu abokin karawa. Kamfanoni kan buga hotunan dukan ƴan jerin a bayan kwali, don yaron da ya samu ɗaya ya san saura nawa suka rage masa. Daga nan sai musaya tsakanin abokai, sai gasar wa ya fi tarawa. Ko a ƴan shekarun nan kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin ya yi amfani da wannan hali wajen sayar da ƴan tsanar Labubu a cikin kwali rufaffe, mai saye bai san wanda zai samu ba sai ya buɗe, kuma yawancin masu sayen manya ne.

Ga kamfani kuma jeri hanya ce ta rage kashe kuɗi. Abin da ya fi tsada a wannan sana'a shi ne mazubin ƙarfe da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki. Yawancin jaruman He-Man ƙirji ɗaya da ƙafafu iri ɗaya gare su, kai da launi da makami kawai ake canzawa.

Sai dai abin yana da iyaka. Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna cinikin He-Man ya kai kusan dalar Amurka miliyan 400 a 1986, ya faɗo zuwa kusan miliyan 7 a 1987. Daga cikin dalilan akwai cika kantuna da ƙananan jaruman da ba wanda ya damu da su, alhali sabon yaro da ya zo neman babban jarumin ba ya samunsa. Darasin ya shafi mai tebur a Filinge kamar yadda ya shafi Mattel: kwalin da aka saro ya kasance shahararren ne ya fi yawa a ciki, kuma yayi ba ya jiran kowa.

Mai so daban, mai biya daban

Yaro ne ke so, amma babba ne ke biya, kuma kowanensu da abin da yake dubawa. In ban da ranar sallah, da yaro ke da ƴan kuɗin barka da sallah a hannunsa, sai kaya sun samu amincewar uwa ko uba kafin su shiga gida.

Farashi ne kan gaba. A gidan da ake lissafin tiyar hatsi, kayan wasa na zuwa ne bayan abinci, magani da kayan lakwal. Saboda haka kasuwarsu ke da lokuta: sallah ƙarama da babba, bayan kaka idan an sayar da wake ko akuya, da lokacin dawowar ƴan cirani daga Abijan, Lome ko Legas da tsarabarsu. Kayan da silalla ke iya saye sun fi saurin fita a kan waɗanda sai an canza takardar jika.

Na biyu shi ne addini. Iyaye da dama na tambaya ko ya halatta a ajiye mutum-mutumi a gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), Abu Dawuda kuma ya kawo ruwayar da ta ambaci wani dokin wasa mai fukafukai a cikin kayanta. A kan haka malamai da yawa, ciki har da Alƙali Iyal mai littafin Ashafa, suka keɓe ƴan tsanar yara daga hanin da ya shafi surori. Wasu malaman sun fi natsuwa da waɗanda ba a fitar musu da cikakkiyar fuska ba. Ɗan kasuwa dai ya san cewa ƴar tsana mai guntun siket, ko dodo mai ƙaho da jajayen idanu, na iya burge yaro amma a hana shi shiga da su gida.

Na uku shi ne makami. A jihar Tilaberi, inda wasu gundumomi irin su Abala da Banibangu ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, bindigar roba mai kama da ta gaske ba abin wasa ba ce a idon iyaye da yawa. Akwai gidajen da suka rasa ƴan uwa, akwai yaran da suka baro ƙauyukansu suka zo Filinge saboda ƙarar harbi. Jarumi mai doki, mai ƙwallo ko mai kokowa ba ya tayar da wannan miki.

Wanda ya yi kama da mai saye

A 2007 wani ɗan kasuwar Legas, Taofick Okoya, ya nemi ƴar tsana baƙar fata don ya ba wata ƴar ɗan uwansa, bai samu ba. Sai ya kafa jerin Queens of Africa: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarbawa da Azeezah ta Hausawa. Ana ƙera sassan jikin a ƙasar Sin, a harhaɗa su a Legas, a yi musu kitso, a ɗinka musu atamfa. A 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa yana sayar da tsakanin 6,000 zuwa 9,000 a wata. Kafin nan, a 2003, kamfanin NewBoy na Siriya ya fitar da Fulla, ƴar tsana mai abaya da lulluɓi, wadda ta samu karɓuwa sosai a ƙasashen Larabawa.

Waɗannan biyu ba su fi Barbie ingancin roba ba. Abin da suka yi shi ne suka gamsar da mai so da mai biya a lokaci guda: yarinya ta ga mai kama da ita, uwa ta ga shigar da ba za ta ji kunyarta ba.

Hanyar da kaya ke bi kafin su iso Kurfai

Galibin kayan wasan duniya a ƙasar Sin ake ƙera su. Gundumar Chenghai da ke birnin Shantou ta yi suna da masana'antunsu, babbar kasuwar sari ta Yiwu kuma can ƴan kasuwar Afirka ke cika kwantena. Da can yawancin kayan Nijar ta tashar ruwan Kwatano suke sauka. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayarin manyan motoci da rakiyar sojoji, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗin dako. Wasu kayan kuma daga kasuwannin Kano suke shigowa. Daga Babbar Kasuwa, Katako ko Wadata a Yamai, ƙananan ƴan kasuwa ke saro kwali ɗaya ko biyu, su bi hanyar Balleyara, tafiyar kusan kilomita 180, zuwa Filinge da kasuwannin ƙauyuka.

Mafi yawan abin da ke isowa kwaikwayo ne, wanda aka yi ba da izinin masu jarumin ba. Shi ya sa yake da araha, shi ya sa kuma ba wanda zai amsa idan ya cutar da yaro.

Gurbin da ba a cike ba

Yaran Kurfai ba su jira kwantena ba kafin su samu abin wasa. Da damina sukan ɗebo laka su gina shanu masu tozo irin na Azawak da ake kiwo a Tukunus, da raƙuma da dawaki. Da kaka ga dokin kara da motar kara, ga motar waya da gwangwanin madara. Ƴan mata na naɗa ƴar tsana da ƙyalle su goya ta. Duk sharuɗɗan da aka lissafa a sama suna cikin wannan wasa: kowane sa da sunansa, ana tara garke, ana musaya, ana haɗa su faɗa.

Jarumai ma ba a rasa ba. Tun gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Yacouba Kantou na Maraɗi ya lashe, kokowar takobin ƙasa ke tsayar da harkoki a Nijar kusan duk shekara. Jihohi takwas ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa goma. Babu yaron da bai san sunan Kadri Abdou, wato Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau da dama ba. Ga mai tunanin kasuwa, wannan jeri ne da ya zo a shirye: takwas da za a tara, kowane da walkinsa da layunsa, ga makaɗi, ga alƙalin wasa, ga takobi, labarin kuma Télé Sahel da gidajen rediyo na ba da shi kyauta. Ga Sarauniya Mangu ta Lugu a maƙwabciyar ƙasar Arewa, wadda ta tunkari ayarin Voulet da Chanoine a 1899, ga mahayan Kurfai da tarihi ya san su da yaƙi har sarautarsu ke amsa sunan Mayaƙi. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, ya nuna tun tuni cewa ana iya wannan aiki a gida: da ƴan tsana ya shirya fim ɗinsa Samba le Grand a 1977, ya kuma yi wani mai suna Kokoa inda dabbobi ke kokowa.

Cikas ɗin a fili yake. Mazubin ƙarfe sai an sayar da dubbai kafin ya mayar da kuɗinsa, kuma kayan hannu ba za su yi gogayya da na Yiwu a araha ba. Amma fata, itace, ƙyalle da gasasshen yumɓu ba sa buƙatar mazubi, ga dukawa da maɗinka a kowane gari, ga wuraren baje koli irin su gidan tarihi na Boubou Hama, ƙauyen masu sana'a na Wadata da bikin SAFEM a Yamai. Wanda zai yi amfani da suna ko kamannin ɗan kokowa mai rai dole ya nemi yardarsa a rubuce, a kuma yi maganar rabon riba. Zanen da mutum ya ƙirƙira da kansa yana iya yi masa rajista a hukumar OAPI mai cibiya a Yawunde, wadda Nijar ke cikinta.

Abin dubawa kafin a biya

Yaron da bai kai shekara 3 ba yana kai komai baki. Duk jarumin da ke da ƙananan sassa masu cirewa, kamar hula, takobi ko ido, yana iya shaƙe shi. Alamar fuskar jariri a cikin jan da'ira da aka ratsa, mai rubutun 0-3, ita ce ke gargaɗi a kan haka.

A murza fentin da ɗan yatsa mai laima. Idan yana fita, a bar shi. A 2007 Mattel da kansa ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda dalma a cikin fenti, wasu saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa. Dalma na lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali, kuma mutanen yankinmu ba su manta da ɗaruruwan yaran da gubarta ta kashe a wuraren haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba.

Idan jarumin na kunna wuta ko yana ƙara, a duba murfin batir ɗinsa ko an ɗaure shi da kusa. Ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙoshi cikin ƴan sa'o'i, don haka sai a garzaya asibiti nan take ba tare da jiran alama ba. Robar da ke da wari mai hawa kai, ko gefen da ke da kaifi, su ma dalili ne na mayar da kaya kan tebur. Tambarin CE na Turai yana da amfani, amma mai ƙera kayan ne ke buga shi da kansa, kuma masu kwaikwayo na buga shi su ma. A ja hannun jarumin, a juya wuyansa, a tsayar da shi a ƙasa a gaban mai kaya kafin a miƙa kuɗi.